Dokar Kallo Cikin Ido

Ni na rubuta dokar da hannuna, gara in faɗi haka tun da wuri kafin wani ya ɗora wa mai kamfaninmu laifin da ba nasa ba. A lokacin ina cikin shekarata ta shida a wani ofishin kargo da ke unguwar Al Khabaisi a Dubai, ba a daɗe da ɗauke ni daga kan kanta an ba ni kula da ma'aikata ba. Na kuma gama wani kwas kan sha'anin ma'aikata, na sa takardar shaidar a firam na rataye a bayan kujerata yadda duk wanda ya shigo sai ya gani. Kaina ya kumbura sosai a wannan shekarar, maigidana ma har tsokanata yake yi a gida, wai sai an faɗaɗa ƙofar falo.

Ina son aikin nan, har gobe kuma ina son sa. Tun da safe 'yan kasuwarmu na Kano da Katsina da Sakkwato suke fara isowa daga kasuwar Naif, da buhuna da kwalaye cike da abayoyi da jakunkuna da takalma da turare. A ɗora kaya a sikeli, a rubuta alamar mai su a jiki, a ba shi rasit, da rana mota ta kwashe zuwa sitonmu da ke Dubai Investments Park inda ake loda kwantena. Ofishin kullum ƙamshin turaren wuta yake yi da na sabuwar fata, ga hayaniyar Hausa kamar kana bakin kasuwa a gida. Wanda yake zaune a ƙasar mutane ya san daɗin wannan.

Mutum biyar ne a gaban ofis. Akwai wata 'yar Filifin, da wani Bamisire, da wani ɗan Indiya, sai Hausawa biyu: wani Bazazzagi mai kula da sikeli, da wata mata daga wajen Gwarzo da kowa ke kira Maman 'yan biyu. Mijinta ya rasu, tagwayenta suna gida wajen mahaifiyarta, aikin nan shi ne cinsu, shi ne makarantarsu. Ba ta da yawan magana. Rubutunta a jikin buhu ko daga ƙofa kana iya karantawa, kuma tun da ta zo ba a taɓa kai kayan wani gidan wani ba ta dalilinta. Dattawan Alhazai da Hajiyoyi sukan bar layin da babu kowa su tsaya a nata. Ta rusuna ta gaishe su, ta tambayi gajiyar hanya da mutanen gida, idonta a kan sikeli ko a kan takarda, bakinta kuma ba ya wuce Baba ko Hajiya.

Mai kamfanin ɗan Indiya ne da ya tsufa a Dubai, mutumin kirki mai son tsari. Ƙorafi ya yi masa yawa cewa wasu ma'aikata suna latsa waya mai kaya na tsaye a gabansu, sai ya ce in fito da hanyar da za a riƙa auna kowa da ita. Abin nema ya samu. Na kwana biyu ina tsara wani kati mai layi goma, kowane layi maki ɗaya. Yawancinsu babu wanda zai yi musu a kai: zuwa a kan lokaci, ajiye waya, tsabtar kanta. Layi na huɗu ya ce ma'aikaci ya kalli mai kaya cikin ido yayin da yake masa magana. Na biyar ya ce ya kira shi da sunansa kamar yadda yake a fasfo, aƙalla sau biyu, ban da Oga ban da Baba, domin a kwas an koya mana cewa babu abin da mutum yake son ji kamar sunansa. Duk wanda ya kasa kai maki tara wata uku a jere, ba za a sabunta masa kwantiragi ba. A nan kuwa kowa ya sani, in aiki ya tafi biza ta bi shi.

Na yi alfahari da katin nan. Babu inda aka ambaci ƙasa ko addini ko launin fata a cikinsa. Na tara su na karanta musu, na ce daga yau babu ɗan mowa babu ɗan bora, mudu ɗaya za a auna kowa da shi. Ni ce mai ba da makin, daga kujerata ta bayan gilashi, wani lokacin kuma in fito in tsaya a gefen kanta da biro a hannu.

Wata na farko 'yar Filifin da Bamisiren suka cinye goma goma, ɗan Indiyan ya sami tara. Bazazzagin da Maman 'yan biyu suka tsaya a takwas. Shi Bazazzagin da sauran shekara guda a kwantiraginsa, don haka ɗaga kafaɗa kawai ya yi. Ita kuwa nata saura wata biyu ya ƙare. Na kira ta ofis na nuna mata layukan biyu da ta faɗi.

Ta dubi katin ta ce, "Anti, dattawa ne fa. Wasu sun haifi babana."

"Na sani," na ce mata. "Amma nan ba Gwarzo ba ce. Doka ɗaya ce ga kowa, ban ware ki ba."

"Haka ne, Anti. Zan gwada."

Ta gwada ɗin. Ina hango ta ta gilashi, in matashi ne ko sa'arta takan ɗago ido ta kira suna ba wata wahala. Da zarar mai furfura ya tsaya a gabanta sai kan ya sunkuya da kansa. Matsalar ita ce dattawan duk layinta suke bi. Wata na biyu ma takwas ta samu. Na ji haushinta, ba zan ɓoye ba, na ɗauka taurin kai ne irin na mutanenmu da ba sa son sabon abu. Har na faɗa wa maigidana muna cin tuwo ranar Juma'a cewa wasu ko ka ba su tsani ba za su hau ba. Ya ce in dai bi a hankali, na ce ya bar ni da aikina.

A makon ƙarshe na wata na uku kawuna ya iso Dubai. Ƙanin mahaifiyata ne, babban dilan takalma a Kano, yana cikin manyan masu ba kamfaninmu kaya, kuma shi ne ya yi mini hanyar aikin tun farko. Mutum ne mai raha, amma ba ya ɗaukar raini ko na ƙwayar zarra. Duk zuwansa layin Maman 'yan biyu yake bi, yana kiranta 'yata, tana kiransa Baba Alhaji.

Da hantsi ya shigo, 'yan dako biyu na biye da shi da kwalaye. Na fito da sauri na durƙusa na gaishe shi, na tambayi Umma da mutanen gida, idona a kan takalminsa. Da muka gama sai na koma gefen kanta na tsaya, domin ranar auna Maman 'yan biyu ce, katinta na hannuna. Ya miƙa mata fasfonsa yana cewa, "'Yata, an same ku lafiya?"

Ta dubi katin da ke hannuna. Ta dubi fasfon. Sai na ga ta ɗago kai ta zuba masa ido, ta kira sunansa tsirara, babu Alhaji babu Baba, ta ce barka da zuwa. Kafin ya dawo daga mamaki ta sake kiran sunan, ta ce kwali nawa ne.

Ofishin ya yi tsit a ɓangaren Hausawa. Wata Hajiya da ke bayansa a layi ta kama haɓa. Su 'yar Filifin ba su ma san an yi wani abu ba, suna ta aikinsu.

"Da ni kike?" in ji kawu, a hankali.

Ba ta sauke idon ba, sai hawaye da suka cika shi. Ya karɓi fasfonsa, ya ce wa 'yan dakon su mayar da kwalayen mota, ya wuce ofishin mai kamfani ko kallona bai yi ba. Da na duba katin sai na ga hannuna ya riga ya yi aikinsa, na ba ta makin layi na huɗu da na biyar. Ranar ce ta fara samun goma cif.

Na same ta a ɗan ɗakin da muke salla, zaune a kan darduma ta haɗa kai da gwiwa. Na shiga da niyyar in ce mata ai da ta sa Alhaji a gaba, duk da na san katin ya hana. Ita ta riga ni magana.

"Anti, na ci makin?"

Na ce ta ci.

"To alhamdulillahi." Ta share fuska da gefen mayafi. "Sunan baban 'yan biyu ne. Shekara tara muna tare bakina bai taɓa furta shi ba. Ko ranar da aka kwantar da shi a asibiti, da suka tambaye ni sunansa, biro na karɓa na rubuta musu. Yau ga shi na faɗa har sau biyu, a gaban mutane."

Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba tun da na girma. Ni ma fa ban taɓa kiran sunan maigidana ba, ko a waya Abban yara na rubuta. Ban san yadda aka yi na zauna kwana biyu ina tsara kati ban tuna da wannan ba.

Bayan azahar mai kamfani ya kira ni. Kawu ya gaya masa cewa muddin yarinyar nan marar tarbiyya tana kan kanta, shi da kamfaninmu khalas, wato an rabu ke nan, kuma zai gaya wa abokansa. Mutumin ya ajiye katin ranar a gabana ya ce shi fa ya rikice. Takarda ta ce ma'aikaciyar ta yi aiki mafi kyau yau, babban mai kaya ya ce ta ci masa mutunci, wanne zai kama? Na ga inda na jefa baiwar Allah. In ta sunkuyar da kai katina ya kore ta, in ta ɗago kawuna ya kore ta, gaba kura baya sayaki. Na roƙe shi ya ba ni zuwa gobe.

Da na koma gida na zaro littattafan kwas ɗin nan da nake taƙama da shi. Akwai wani babi da na haddace don jarrabawa kawai, na amsa tambayarsa daidai, na manta da shi. Babin yana bayani ne cewa a dokokin daidaito na ƙasashe da dama wariya iri biyu ce. Akwai ta fili, wadda za a ce ba ma ɗaukar 'yan ƙabila kaza. Akwai kuma wadda take zuwa a fakaice: a kafa ƙa'ida guda a kan kowa, ba a ambaci kowa ba, amma in an zo aiki da ita sai nauyinta ya faɗa a kan wasu mutane saboda addininsu ko asalinsu ko jinsinsu. Ba a tambayar ko mai dokar ya yi niyyar cuta. Abin da ake tambaya shi ne, wa take kayarwa, mene ne ake nema da ita, kuma shin babu wata hanyar samun abin ba tare da an kayar da su ba? Ni ba lauya ba ce, babu kuma wanda ya yi zancen kotu a maganarmu. Amma ina karantawa ina ganin layi na huɗu da na biyar kamar don su aka rubuta babin.

Washegari na shimfiɗa wa mai kamfani katunan wata uku a kan tebur. Na nuna masa cewa mutum biyun da ke ƙasa kullum su ne Hausawa biyun, kuma a layi biyu kacal suke faɗuwa. Na kawo littafin da muke rubuta kuskuren kaya, na ce ya nemo sunan Maman 'yan biyu a ciki. Ya bi shafi shafi bai samu ba. Na ce masa abin da muke nema tun farko shi ne a kula da mai kaya a girmama shi, a wajenmu kuwa girmama babba shi ne a sauke ido a sakaya sunansa. Wato na kafa doka don a girmama mutane, sai ta zama tana hukunta wadda ta fi kowa girmama su.

Ya cire tabarau ya yi dariya. Ya ce su ma a garinsu yaro ba ya kiran babba da suna, matarsa har yau ba ta kiran nasa. Da ya ga layin a katina ya ji wani iri, amma ya ɗauka sabon ilimi ne na masu takardar shaida a firam, shi ya sa ya ja bakinsa. Ban ji daɗin dariyar ba, sai dai na cancance ta. A take muka soke layukan biyu, muka sa wasu a madadinsu: shin ma'aikaci ya ba mai kaya hankalinsa, shin ya gaishe shi yadda mai kayan zai ji an mutunta shi. Da aka sake lissafa watanni ukun da sabon katin, Maman 'yan biyu ba ta faɗi ko sau ɗaya ba.

"Saura kawunki," in ji shi. "Ba zan iya rasa shi ba. In ya janye ƙorafinsa, yau zan sa hannu a kwantiraginta. In bai janye ba, ba ni da yadda zan yi."

Bayan la'asar muka shiga tasi ni da ita zuwa Naif. Na san inda zan same shi, wani shagon takalma a cikin lungu inda yake zama shan shayi da abokan cinikinsa. Muka ratsa masu tura kaya suna ta ihun yalla yalla don a ba su hanya, muka same shi a kan kujerar roba, kofi a hannu. Muka durƙusa a gabansa a kan tayil, tsakanin kwalaye. Ya amsa gaisuwata a daƙile, tata kuwa bai amsa ba.

Na ce, "Kawu, haƙuri muka zo bayarwa. Laifin ba nata ba ne, nawa ne. Doka ce aka kafa a ofis, in ba ta bi ba aikinta zai tafi."

"Doka ce ta ce a zage ni?"

"A'a, Kawu. Cewa aka yi a kalli mai kaya cikin ido a kira sunansa. Ba don kai aka yi ba, kowa da kowa ne."

"Wa ya kafa ta?"

Na ce ni ce.

Ya ajiye kofin a kan kwali. "Kowa da kowa, kika ce. Har da ke?"

Na ƙara sunkuyar da kai.

"To bismillah. Ni mai kaya ne, ke ma'aikaciya. Ɗago ki dube ni ki kira sunana in ji. In kin yi, na janye ƙorafina."

Ga aikin baiwar Allah a kan harshena, kalma ɗaya ce tak, sunan da na sani tun ina goye. Na ɗago kai har idona ya kai maɓallin rigarsa, a nan ya tsaya. Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Na tuna tagwayen da ke Gwarzo na sake yunƙurawa, wallahi ko harafin farko ban iya fitarwa ba. Mutumin nan shi ya yi mini huɗuba ranar da aka haife ni. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a haka ba, na dai ji mai shagon ya daina jera takalma.

"Kin gani," in ji kawu. "Kayan da kika kasa ɗagawa shi kika ɗora wa 'yar mutane, har kina tsaye a kanta da biro."

Na ce haka ne. Sannan na gaya masa abin da na san ita ba za ta taɓa faɗa ba, cewa sunan nasa shi ne na marigayi mijinta, kuma jiya ne ya fara fita daga bakinta. Kawu ya juya wajenta, ita kuma kanta na ƙasa kamar kullum.

"Allah ya jiƙan takwarana," ya ce. "Tashi, 'yata. Ke ce za ki yafe mana." Ya ɗauko waya ya kira mai kamfani a gabanmu, ya ce masa da Larabcinsa na kasuwa magana ta wuce, gobe kwalayensa za su dawo, kuma a layinta zai tsaya. Ya sa aka kawo mana shayi, ya ce ni kada a sa mini sukari.

An sabunta kwantiraginta a ranar. Har yanzu tana kan kantarmu, tagwayen sun shiga sakandare, dattawa na nan suna barin layin da babu kowa suna tsayawa a nata. Ni da ita mun zama 'yan uwa, ranar Juma'a takan zo gidana mu tuƙa tuwo tare, kuma ba ta taɓa tayar mini da zancen ba. Duk dokar da zan rubuta yanzu sai na kai mata ta karanta tukuna, in tambaye ta wa take gani za ta kayar. Takardar shaidar tana nan a bango inda take. Katin ranar nan kuma yana cikin durowata, ban yar da shi ba: maki goma cif, da rubutun hannuna.